Ishaya Mai Ɓeraye da Abin da Bai Faɗa wa Matarsa Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Ishaya a Zuru, tsakiyar damina, dawa ta kai gwiwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo 'yan'uwa kan ce in rubuta wani abu a kansa, tun da ni ce mai ɗan taɓa rubutu a jarida bayan na ajiye aikin ungozoma. Duk shekara nakan ƙi. Na san abin da suke so su karanta: mutumin kirki, malamin makaranta, mai son jama'a, Allah ya ji ƙansa. Duk gaskiya ne, amma an riga an faɗe shi a bakin kabari, kuma waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a ranar su ne suka fi kowa yi masa dariya yana da rai. Bana na ɗauki alƙalami, ba don zuciyata ta yi sanyi ba. Raina a ɓace yake da garin nan, kuma a ɓace yake da shi kansa mamacin.

Mahaifinmu tsohon soja ne, kuma a gidanmu namiji ko ya riƙe fartanya ko ya riƙe bindiga. Ishaya ya riƙe alli. Ilimin halittu yake koyarwa a sakandare, amma ba a san shi da Malam Ishaya ba, da Mai Ɓeraye aka san shi. A bayan gidansa ya gina wani ɗaki, ya cika shi da kejin waya da ya ƙera da hannunsa, ya zuba fararen ɓeraye masu jan ido da ya samo daga jami'ar da ya je ƙarin karatu. Warin ɗakin kan tare ka tun daga bakin ƙofa. Mutane suna yawon neman maganin ɓera, shi kuma yana jiƙa wa nasa dusa yana auna musu ruwa. Ni ma na yi masa tsiya iya tsiya, ban rage ba. Nakan ce masa in dai kiwo yake so, akwai akuya, akwai alade, mene ne na zaɓen abin da ko sadaka ba a yi da shi.

Sai an san yadda muke yi da jarka kafin a gane abin da ya shigar da shi ɗakin nan. Lokacin da maganin ciyawa ya shigo ƙasarmu, mun karɓe shi hannu bibbiyu, kuma ban ga laifinmu ba. Wanda bai taɓa yini a duƙe yana noma a gefen dutse ba bai san abin da feshi ya sauke wa mutane daga baya ba. To amma maganin a jarka yake zuwa, jarka mai kauri, mai murfi mai kyau, ba ta yoyo, ba ta fashewa. A Zuru ba a jefar da irin wannan. Sai a wanke ta da toka da yashi, a jiƙa ta da ruwan tsamiya, a kife ta a rana har warin ya fita. Daga nan sai a zuba ruwa ya kwana a ciki, a ba kaza ta sha. Idan kazar ta yini tana tone-tonenta, kashegari ma ta fito lafiya, jarka ta ci jarrabawa. Ta zama ta ruwan gona, ta kunu, ta man gyaɗa.

Ina so mai karatu ya lura, wannan ba sakaci ba ne. Mutanenmu sun san guba, sun san tana kisa, shi ya sa suka sa kaza a gaba. Inda muka yi kuskure shi ne mun ɗauka duk abin da bai kashe ba, bai cutar ba.

Abin da Ishaya ya yi ta ƙoƙarin cusa mana a kai ke nan. Yakan ce ɗan tayi a farkon ginuwarsa, mace da namiji tubalinsu ɗaya ne. Akwai wani ɗan taƙaitaccen lokaci a cikin mahaifa da jikin namiji yake fitar da wani sinadari mai ba da umarni: wannan ya sauko, wancan ya rufe, wannan ya girma. Idan a daidai lokacin wani baƙon sinadari ya shiga jinin uwa, ya kwaikwayi umarnin ko ya tare masa hanya, ginin zai ci gaba, amma da gyara a ciki. Uwa ba za ta yi amai ba, ba za ta ji jiri ba. Ɗan ma za a haife shi yana tsala kuka, sai ya girma abin ya fito fili.

Ɓera yake amfani da shi domin cikin macen mako uku ne kacal, 'ya'yan kuma ba sa daɗewa suke balaga, abin da mutum zai jira shekara ashirin ya gani, a ɓera kafin kaka ya gani. Wasu masu cikin yakan ba su ruwan rijiya a kwalba mai tsabta, wasu kuma ruwan da ya kwana a jarkar da aka wanke irin wankinmu. Ya sha kira na in zo in duba, wai ni ce ungozoma. Sai ya ɗauko jaririn ɓera, ja wur, ya kifa shi a tafin hannu, ya sa ɗan ƙaramin ma'auni tsakanin dubura da gaba. A namiji tazarar ta fi ta mace, in ji shi, amma ga wasu mazan tasu ta gajarta. A wurinsa na fara jin cewa namijin ɓera ba shi da kan nono sam, sai ga wasu daga cikin nasa da shi. Wasu 'ya'yan marainansu sun maƙale a ciki ba su sauko ba. Da suka girma ya haɗa su da mata lafiyayyu, wasu suka haifi kaɗan, wasu ko ɗaya.

Ba zan yi masa ƙari ba, domin shi ma bai yi wa kansa ba. Yakan ce ɓerayensa ba su da yawa, wani zubin ya ga bambanci, wani zubin bai gani ba, kuma ba shi da na'urar da za ta gaya masa takamaiman abin da ya rage a cikin ruwan. Yakan ce ɓera ba mutum ba ne. Masana a wasu ƙasashe sun ga irin haka da wasu magungunan gona da wasu robobi, shi dai yana leƙa namu ne da ɗan abin da yake da shi. "Ban ce na tabbatar ba," haka yake faɗa, "na ce a daina sha har a tabbatar."

Wata rana ya ɗaure keji a bayan babur ya nufi Dabai, inda manoma suka taru kan maganar taki. Na bi shi, domin na san halin bakin mutanenmu. Ya yi bayaninsa tsaf, ya buɗe kejin. Sai ga ɓeraye ɓul-ɓul, gashi na sheƙi, suna ta wasa. Wani tsoho ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya ce, "Malam, ɓerayen ga sun fi ɗiyana ƙiba. In ruwan jarka ne ya yi musu haka, a ƙaro muna jarka." Wurin ya kece da dariya. Da Ishaya ya juya ɗaya don ya nuna musu ƙasansa, mata suka rufe fuska, wani ya ce wannan rashin kunya ne a gaban iyaye. Wani kuma ya fusata sosai, ya ce mu da muka cika barikin soja da 'ya'ya maza, yau ɗan boko zai zo da ɓera ya ce mazakutarmu na cikin haɗari. A nan maganar ta mutu. Ya ɗaure kejinsa muka dawo gida.

Garin ya ɗauka karatu ne ya yi masa yawa. Ni kaɗai na san ba karatu ne ya kai shi ɗakin nan ba.

Matarsa Tani 'yar Dabai ce. Lokacin da take da cikin fari Ishaya yana makaranta, sai ta yi daminar a gidan iyayenta. Mahaifinta yana cikin na farkon da suka fara feshi a yankin, ita ce kuma mai kai ruwa gona, a jarka, tana sha tana ba masu aiki. Ni na karɓi haihuwar. Yaro ne kyakkyawa, muka sa masa Dauda. Da na zo wanke shi na taɓa jakar marainansa na ji wayam, duka ɓangarorin biyu. Ban gaya wa mai jego ba, na jira Ishaya. Na ce masa sau da yawa sukan sauko da kansu, mu ɗan saurara. Ba su sauko ba. Sai da yaron ya shiga firamare aka samu yi masa aiki a wani babban asibiti, likitan kuma bai ɓoye ba, ya ce an makara, mai yiwuwa abin ya shafi haihuwa. Tani aka ce mata ƙaba ce.

Ko jarkar ce, ko jinkirin aikin ne, ko kuwa haka Allah ya halicce shi, ba ni da hujja, Ishaya ma har ya mutu bai samu ba. Amma tambayar ta ci shi. Shekarun da ya yi yana kifa jariran ɓera a tafin hannunsa, ɗansa yake dubawa.

Mun yi faɗa da shi kan Tani ba sau ɗaya ba. Nakan ce, Yaya, ka gaya wa matarka. Yakan ce in ta ji za ta ce ita ta nakasa ɗanta da hannunta, ba za ta ƙara samun barci ba. Na ce masa wannan shirun ba zai bi ka kabari ba, zai tsaya a gidan nan ya jira 'yar wani. Ya ce in bari ya gama tabbatarwa tukuna. Mutumin da ya iya tsayawa gaban taron manoma ana yi masa ihu, ya kasa zama a kan tabarma ɗaya da matarsa ya faɗi magana guda. Hawan jini ya buge shi a aji, gaban ɗalibansa, bai ƙara magana ba har ya cika. Bayan an share makoki Tani ta sa aka kwashe kejin aka kai daji aka buɗe.

Da zai dawo yau ya zaga kasuwar Zuru, ban san ko dariya zai yi ko kuka ba. Jarkar da a da sai mai gona ke da ita, yanzu tsibi ake yi da ita ana sayarwa wayam. Feshin ma ya ninka, domin tun da rashin tsaro ya addabi yankin, daga nan har Dirin Daji ba mai son ya yini a gona yana cire ciyawa, kowa so yake ya fesa ya gudo gida. Ba zan ce musu kada su yi ba, rai ya fi komai. Amma ko kazar ma an daina wahalar da ita. A ɗauraye da sabulu sau ɗaya, a zuba kunu, a miƙa wa mai ciki. Ba ni da lissafin yara maza nawa ake haifa da irin matsalar Dauda, ba kuma wanda na san yana ƙirgawa. Waɗanda suka yi masa dariya a Dabai da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ne ke feshin yanzu.

Kafin bikin Dauda na zaunar da shi na gaya masa abin da na gani ranar da aka haife shi, da abin da likita ya ce. Yaro ne mai gaskiya, ya je ya gaya wa yarinyar da zai aura, Saratu, 'yar Rikoto, malamar firamare. Ta ce ta ji, Allah ne mai bayarwa. Bayan aure da shiru ya yi yawa suka je asibiti a birni, aka tabbatar musu ita lafiyarta ƙalau, shi ne ƙwayoyin haihuwarsa suka yi ƙaranci ƙwarai. Suka dawo suka yi abin da suka gada, suka ce kada Mama ta ji.

Tani kuwa ta sa Saratu a gaba. Yau saiwa, gobe jiƙo, jibi a kai ta wurin mai addu'a. Yarinyar nan ta shanye duk abin da aka miƙa mata, mai ɗaci da mai wari, don ta rufa wa mijinta asiri. Aka koma habaici, ta haɗiye. Sai ranar da Tani ta miƙe a taron zumuntar mata na cocinsu, Saratu na zaune, ta roƙi a taya ta addu'a domin ɗanta tilo ya auro juya. A ranar Saratu ta haɗa kayanta ta koma Rikoto.

Da labarin ya iso gare ni na yafa gyale na nufi gidan yayana. Na iske Tani a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba, na zauna na zazzage mata komai, tun daga ranar haihuwa har ɗakin ɓeraye. Ina magana ina jiran ta fasa ihu. Hannunta bai daina ɓarar ba.

Da na gama ta ce, "Ladi, ke ma makauniya kika ɗauke ni? Jarkar da ya fara ba ɓerayen ga ruwa da ita, ta gidan babana ce. Ni na ɗaura mata igiya a hannu. Ran da na gan ta cikin ɗakin ga, na gane mi yake nema."

Na ce, "To tun lokacin kin sani?"

Ta ce, "Ni ke share ɗakin. Shekara da shekaru ina sharewa, ina jira ya dube ni ya ce, Tani, ba laifinki ba ne. Ya gaya wa Dabai, ya gaya wa 'yan makaranta, ya gaya miki. Ni bai ce mini komai ba har ya tafi."

Na ce, to Saratu fa, me ta yi miki?

Sai a lokacin ta ajiye gyaɗar. Ta ce, "In ba ita ba ce, to ni ce."

Na yi aikin ungozoma shekaru masu yawa, na ga uwaye a cikin kowane irin hali, amma ban taɓa jin tausayin mace da haushinta sun haɗu mini a wuri ɗaya kamar ranar ba. Haushin da ya fi yawa kuma ba nata ba ne. Yaya, kai ka ce kana kare ta. Ka bar ta ita kaɗai da abin da ka ji tsoron ta sani, tana kwana da shi tana tashi da shi a gefenka, kai kuma kana can kana auna ɓera.

Na lallashi Tani muka je Rikoto biko. Saratu ta tarbe mu da ladabi, ta durƙusa ta gai da Tani, ta kawo ruwa. Da aka zo maganar komawa ta ce, "Mama, ban riƙe ki a zuciya ba. Amma inda kika faɗi waccan maganar, nan za ki faɗi wannan. Ba sai kin ambaci kowa ba, ki ce kawai Saratu ba juya ba ce." Iyayenta suka ce gaskiyar 'yarsu ce, ni ma na ce haka.

Ranar taron Tani ta ci ado da kayan zumunta, na raka ta. Da aka zo lokacin roƙon addu'a ta miƙe. Ta tsaya, ta dubi matan, matan suka dube ta. Ta san in ta wanke Saratu, kafin a tashi kowa ya gane ɗanta ne, a garin da namiji ke iya jure komai ban da wannan. Daga ƙarshe ta roƙi a yi wa ƙasa addu'ar zaman lafiya, ta zauna.

Kwanaki kaɗan bayan haka Dauda ya zo gidana. Dogo ne kamar ubansa, har yadda yake sunkuyar da kai in zai shiga ƙofa. Ya ce, "Gwaggo, lokacin tunawa da Baba ya kusa. Bana ki rubuta. Ki rubuta duka, ki sa sunana." Na ce ka san me za a riƙa kiranka a garin nan? Ya ce ya sani, an kira ubansa Mai Ɓeraye bai mutu don haka ba. Na ce uwarka fa? Ya ce daga wurinta yake, ya gaya mata abin da Baba bai gaya mata ba, cewa ba laifinta ba ne, ta yi kuka ta ce in rubuta. Na ce in Saratu ta ƙi dawowa fa? Ya ce, "In ta dawo, na gode wa Allah. In ba ta dawo ba, ta tafi da sunanta a wanke."

To ga shi na rubuta. In aka tambaye ni me ya saura na Ishaya bayan shekarun nan, ba zan yi ƙarya ba, kaɗan ne. Ɗakin ɓerayen ya zama na ajiyar masara. Gargaɗinsa bai hana jarka ko ɗaya shiga gida ba, ko da yake har gobe ina roƙon duk mai ciki da ta karanta wannan, kada ta sha daga abin da aka taɓa zuba maganin gona a ciki, ko sau nawa aka wanke shi. Tambayar da ya mutu da ita tana nan ba amsa. Jikan da za a raɗa wa sunansa mai yiwuwa ba zai zo ba. Abin da ya bari shi ne yaron nan, wanda ya ɗauki gaskiyar ubansa ya kai ta inda uban ya kasa kaiwa, kuma shi zai biya da mutuncinsa.

Saratu tana Rikoto har yau, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Dauda ya ce ranar da jaridar nan ta fito shi da kansa zai kai mata, zai tsaya a ƙofar gida, ba zai shiga ba sai an ce ya shigo.